Tallafin bala'i ga manoman karkara a Amurka

Tallafin bala'i kuɗi ne da gwamnatin tarayyar Amurka ke biyan manoma da makiyaya idan fari, ambaliya, ƙanƙara ko gobarar daji ta cinye musu amfani ko ta halaka musu dabbobi. Daga Washinton kuɗin ke fitowa, amma a gunduma ake rabo, wato yankin da ya yi kama da ƙaramar hukuma. Hukumar FSA mai hidima ga manoma, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar noma, tana da ofisoshi a gundumomin karkara, kuma can manomi ke zuwa da takardunsa.

Tsarin ya samo asali ne daga farin shekarun 1930, lokacin da ƙura ta turnuƙe filayen Oklahoma, Kansas da Texas. A 1934 gwamnati ta riƙa sayen shanun da yunwa ta rame daga hannun makiyaya, waɗanda ba za su moru ba kuwa a harbe su. A 1938 aka kafa hukumar inshorar amfanin gona ta tarayya. Ita kuwa FSA, a 1994 aka samar da ita.

Shirye-shiryen suna da yawa. Akwai na amfanin da inshora ba ta ɗauka, wanda a matakinsa na farko sai asara ta haura rabin abin da aka saba girba kafin a biya. Akwai na mutuwar dabbobi, akwai kuma rancen gaggawa.

Wanda ya fi nuna muhimmancin gunduma shi ne tallafin abincin dabbobi lokacin fari. Ba a zuwa makiyayar kowa a duba ciyawa. Taswira ake dubawa, wadda jami'ar Nebraska tare da hukumomin gwamnati ke fitarwa duk ranar Alhamis tun 1999, inda ake nuna tsananin fari daga mataki mafi sauƙi, D0, zuwa mafi tsanani, D4. A dokar noma ta 2014, gundumar da ta yi mako takwas a jere a D2 cikin lokacin kiwo, an tanadar wa makiyayanta kuɗin ciyar da dabbobi na wata ɗaya. In ta taɓa D3, wata uku. In ta yi mako huɗu a D4, wata biyar. Abin da ake biya kashi 60 ne cikin ɗari na kuɗin ciyarwar wata. Shi ya sa makiyayi kan zuba wa taswirar nan ido kamar yadda yake duban hadari. Maƙwabta biyu da shingen waya kawai ya raba makiyayarsu, ɗaya zai iya samu ɗaya ya tashi a tutar babu, don iyakar gunduma ta ratsa tsakaninsu.

Ofisoshin suna aiki da kwamitin manoma da 'yan uwansu suka zaɓa na shekara uku. Sun san wanda ya yi shuka da wanda bai yi ba, amma sanayya ma ta sha yin aikinta. Manoma baƙaƙen fata sun kai ma'aikatar noma kotu kan nuna musu bambanci wajen rance da tallafi, a shari'ar Pigford da aka sasanta a 1999.

Wani ƙorafin shi ne, tunda da yawan eka da yawan garke ake lissafi, manyan gonaki ne ke kwashe kaso mafi tsoka, kuma kuɗin wasu shirye-shiryen gaggawa kan iso bayan shekara ɗaya ko biyu da asarar.