Waiwaye: me ke ciyar da bakteriyar ƙoramun dajin Suwidin?

In ka ga ƙoramun dajin arewacin Suwidin ko Finlan sai ka rantse shayi ne marar madara. Wannan launin daga tudu yake zuwa, ruɓaɓɓen ganye ne da saiwoyi da gansakukar fadama da ta shekara dubbai tana taruwa, ruwa ya jiƙa ya wanko su cikin rafi.

Tun 1973 wasu masana, Fisher da Likens, suka auna wata ƴar ƙorama Bear Brook a Amurka suka ga sama da kashi 99 cikin 100 na abincin da ke shigarta daga waje yake zuwa, don inuwar bishiyoyi bata barin rana ta raya tsiron ruwa. Duk da haka an daɗe ana ɗaukar wannan jan ruwan na arewa a matsayin tarkacen da bakteriya basa iya ci sosai.

Binciken da aka yi a ƙoramun yankin Krycklan kusa da garin Vindeln a arewacin Suwidin yana cikin abin da ya gyara wannan tunanin, kuma ni nan ne ya fi burge ni. Ashe ba duka ɗaya bane. Wanda ya fito daga ƙasar daji yana ɗauke da ƴan sukari da ƙananan sinadarai masu sauƙin narkewa, bakteriya na rububinsa suna yaɗuwa, na fadama kuwa duk da yawansa da duhunsa bai cika ƙosar dasu ba, sannan in ƙanƙara ta narke ruwa ya taso ya taɓa saman ƙasa sai a samu sabon abinci ya kwararo gaba ɗaya cikin ƴan makonni. Abin da suka ci kuma kaso mai yawa suna fitar dashi ne a matsayin iskar kabon.

Sai kuma ruwan ya dinga ƙara duhu. A 1967 wani masani ɗan Suwidin, Svante Odén, ya yi ta kururuwa kan ruwan sama mai asid, 1979 aka sa hannu kan yarjejeniyar Janiba ta rage gurɓatar iska, hayaƙin sulfa mai jawo asid ɗin ya ragu, to ashe asid ɗin ne ke danne sinadaran da ke rina ruwan a ƙasa, yana raguwa suka samu hanyar shiga rafi. Wani masani Monteith da abokan aikinsa sun nuna haka a 2007. Ga yawan ruwan sama, ga bishiyoyin katako da aka dasa, su ma suna ƙara duhun. Masu tace ruwan famfo a can dai yanzu sai sun ƙara magani da kuɗi kafin ruwan ya washe.