Mene ne kare "riyaktif", kuma wane gidan hutu ne ya dace da shi?

Duk wanda ya ɗan zauna a Birtaniya zai ci karo da wata kalma a bakin masu karnuka: riyaktif. Kana tafiya a kan hanyar ƙafa, sai ka hango mace ta tsaya can nesa ta ɗaga maka hannu, ta ɗaure igiyar karenta tamau, tana roƙon ka ɗan dakata domin karen nata riyaktif ne. Yanzu kalmar ta shiga har cikin tallan gidajen hutu na karkara. Da Hausa, abin da ya fi kusa da ita shi ne kare mai saurin zabura, wato wanda abu kaɗan ke tayar masa da hankali fiye da kima. Abin da wani kare zai wuce bai ko kalla ba, kamar mai keke, ko yaro da gudu, ko baƙo da hular kwano, ko wani karen a tsallaken titi, shi yana gani sai haushi da gurnani da zillo, kamar zai tsinke igiya.

Mai kallo daga gefe zai ce wannan mugun kare ne mafaɗaci. Sau da yawa ba haka ba ne, kuma a nan kalmar take da amfani. Mafi yawan irin waɗannan karnuka tsoro ne ke cin su. Da a sake suke, gudu za su yi. To igiya ta hana gudu, sai ya zama ba su da dabarar da ta wuce su yi hayaniyar da za ta kori abin da suke tsoro. Kuma dabarar tana yi musu aiki: ya yi haushi, mai keke ya wuce abinsa, shi kuwa ya ɗauka haushinsa ne ya kore shi, gobe sai ya ƙara. Wasu kuma ba tsoro ba ne, ɗoki ne. Suna son isa wurin ɗan'uwansu su yi wasa, an riƙe su, sai takaici ya koma haushi. Akwai kuma wanda ciwo ne a jikinsa, na kunne ko na gaɓoɓi, shi ya sa masana halayyar dabbobi kan ce a fara kai shi wurin likita kafin a yi maganar horo. Duk da haka ba a sakaci da shi, domin karen da tsoro ya kai bango yana iya cizo.

Abin yakan samo asali tun yarinta. Daga mako uku zuwa wajen mako goma sha biyu da haihuwa ne kwikwiyo ke koyon abin da ba na tsoro ba ne a duniya. Wanda ya wuce wannan lokaci a kulle bai ga mutane da motoci da sauran dabbobi ba, yakan girma yana ɗari-ɗari da komai. Hakan ta faru da karnuka masu yawa a Birtaniya bayan kullen korona da aka fara a watan Maris na 2020, lokacin da jama'a suka yi ta sayen kwikwiyoyi alhali ba fita ba baƙi. Wani kuma sau ɗaya tak wani kare ya taɓa kai masa hari, amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Na ga abin da idona a wurin karyar wata maƙwabciyata, wadda ta karɓo daga gidan da ake ajiye karnukan da aka yasar. A cikin gida lafiya lau take, har barci take yi a ƙafar uwar ɗakinta. Wata safiya muna tsaye a bakin ƙofa sai wani kare ya ɓullo daga kwanar layi. Tun kafin mu lura, ta riga ta rufe baki, jikinta ya sandare, gashin gadon bayanta ya miƙe, tana lasar leɓe. Matar ta ciro gutsuren nama daga aljihu, ta kira sunanta a hankali, ta juya da ita bayan wata mota. Ba a yi haushi ko ɗaya ba. Ta ce mini da karen ya ƙara matsowa taku goma, da ko naman ba za ta kalla ba. Wannan tazarar ita ce jigon lamarin gaba ɗaya. Kowane kare irin wannan yana da iyakarsa: daga nesa yana iya gani ya haƙura, har ya koyi cewa ganin wani kare alamar samun nama ce, amma da zarar an ƙetare iyakar, ba ya ji ba ya gani.

Akwai kuma taruwar damuwa. Kamar tulu ne da ake ɗura wa ruwa kaɗan-kaɗan: doguwar tafiya a mota, baƙon ɗaki, baƙon wari, ƙarar tarakta da asuba. Babu ɗaya daga ciki da ya isa ya tayar da shi, amma in suka haɗu, abu ƙanƙani ne zai sa tulun ya tumbatsa. Hankalinsa kuwa ba ya kwanciya nan take, yakan ɗauki sa'o'i, wani lokaci kwanaki.

To ga inda maganar hutu ta shigo. Turawan Ingila suna da al'adar kama hayar ɗan gida a karkara na mako guda ko na ƙarshen mako, su yi girkinsu da kansu, su wuni suna yawo a ƙafa. Yankunan Lake District da Yorkshire Dales da Cornwall da Northumberland, da tsaunukan Wales da na Scotland, cike suke da irin waɗannan gidaje, har ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi tana da nata da take bayarwa haya. Da yawansu suna rubuta cewa suna maraba da kare. Mai kare riyaktif yana ganin haka sai ransa ya yi sanyi, ya ce ga karkara, ga shiru, ga fili.

A ganina wannan rubutu ne ya fi yaudarar mutane, ba don masu gidajen sun yi ƙarya ba. Abin da yake nufi kawai shi ne an yarda ka zo da kare, galibi da ɗan ƙarin kuɗi, da sharaɗin kada ya hau gado ko a bar shi shi kaɗai a gida. Bai ce wurin shiru ne ba. Hasali ma wurin da ya yi suna wajen karɓar karnuka, karnuka ne za su cika shi. Da yawa daga cikin gidajen tsofaffin rumbuna ne da ɗakunan dabbobi da aka gyara, huɗu ko biyar a jere suna kallon tsakar gida ɗaya, kowanne da baƙonsa da karensa, ga kuma karen kiwon mai gonar yana zagayawa a sake. Kana buɗe ƙofa da safe sai ido huɗu. Ga karen da ke buƙatar tazara, wannan ya fi unguwarsu ta cikin gari wahala, domin a can aƙalla mai shi ya san lokacin da layi ke zama babu kowa.

Don haka tambayoyin da ya kamata a yi wa mai gida kafin a biya kuɗi daban ne. Gidan shi kaɗai yake, ko yana manne da wani? Lambun nasa ne shi kaɗai? In an ce a kewaye yake, da me aka kewaye shi? Katangar dutse mai kai wa gwiwa ma kewaye ce, haka shingen itatuwa mai ɓula a ƙasa. Abin da masu irin wannan kare ke nema shi ne shinge mai tsawon ƙafa shida wanda ba a hango waje ta cikinsa, kuma gara a nemi hoto. Sai tambayar da aka fi mantawa da ita: akwai hanyar jama'a da ta ratsa kusa? A Ingila da Wales akwai hanyoyin ƙafa na kimanin mil 140,000 da doka ta ba kowa damar bi, wasu ta tsakiyar gona suke wucewa, wasu ta gindin tagar gidan da ka kama. Taswira za ta nuna maka su tun kana gida.

Sai tumaki, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Dokar 1953 ta kare dabbobin kiwo ta mayar da shi laifi kare ya kori tumaki ko shanu, ko da bai ciji ko ɗaya ba, saboda tunkiya mai ciki tana iya yin ɓari don gudu kaɗai. Dokar dabbobi ta 1971 ta ba manomi kariya in ya harbe karen da ke far wa garkensa alhali babu wata hanyar tsayar da shi. A Scotland, tun 2021 tarar da ake ci wa mai karen da ya far wa dabbobi na iya kaiwa fam 40,000, ko ɗaurin wata goma sha biyu. A filayen da dokar 2000 ta buɗe wa masu yawo a Ingila da Wales, dole kare ya kasance a igiyar da ba ta wuce mita 2 ba daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, kuma a kowane lokaci in akwai dabbobi kusa. Wuri ɗaya ne ƙa'idar yawon karkara ta ce a saki igiya: in shanu suka biyo ka, ka saki karen, ya fi ka gudu. Ni dai ina tare da manoman a wannan magana. Wanda ya san wahalar kiwo ba zai ga laifin mutumin da ya kwana a turke yana karɓar haihuwa ba in ya ƙi yarda da uzurin cewa karen tsoro ne ya sa shi.

Lokacin tafiya ma yana da tasiri. Hutun makarantu na ƙarshen Yuli da Agusta cunkoso ne ko'ina. Daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu ana harbin tsuntsun fezan, ƙarar bindiga na tashi a gonaki, sannan ga wasan wuta na daren 5 ga Nuwamba. Abin da ya sauƙaƙa wa mutane a 'yan shekarun nan shi ne filayen da manoma ke kewayewa da dogon shinge suna bayarwa haya na sa'a guda, kare ɗaya ko iyali ɗaya a lokaci guda. Maƙwabciyata sai ta tabbatar akwai irinsa kusa kafin ta kama gida, kuma kwana biyun farko ba ta kai karyar ko'ina, daga ɗaki sai lambu. Akwai kuma karen da alherinsa shi ne a bar shi a gida da wanda ya saba da shi.

Ga 'yan'uwa da ke zaune a can, ko masu zuwa ziyara, akwai alamar da ya kamata a sani. In ka ga kare da ƙyalle ruwan ɗorawa a igiyarsa, ko riga mai wannan launi, ana nufin yana buƙatar a ba shi wuri. Takunkumi a bakinsa ma sau da yawa alama ce ta mai shi ya san aikinsa. Kada ka zura masa ido, kada ka miƙa hannu, ka riƙe yara kada su ruga. Ka ɗan ratse gefe ka juya masa kafaɗa har su wuce.