Butar shayin Yixing: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi min

Yayana ne ya kawo min wata 'yar butar yumɓu tsaraba daga Guangzhou shekarun baya, girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, kuma duk baƙon da ya zo ya ganta sai ya ɗaga ya juya ya yi tambaya. Ga waɗanda aka fi yi min.

Wai ba tukunyar ƙasa ba ce kawai irin tamu?

Dangin juna ne amma ƙasar ta bambanta. Sinawa suna ce mata zisha, ma'ana yashi mai launin shunayya, kuma daga Yixing take fitowa a lardin Jiangsu, gefen tafkin Tai, musamman garin Dingshu inda dutsen Huanglong yake. Ba taɓo ba ne da ake kwasa a bakin rafi, dutse ne ake haƙowa a baza shi a fili rana ta buga ruwa ya doka har ya farfashe da kansa, sannan a niƙa a tankaɗe a kwaɓa, a ajiye shi ya tsima watanni wani lokacin ma shekaru. Yumɓun iri-iri ne, akwai zini mai ruwan ƙasa-ƙasa, akwai zhuni ja, akwai duanni mai ruwan ɗorawa. Ba a shafa mata ruwan sheƙi irin na tangaran, shi ya sa jikinta ke da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, suna shan man ganyen shayi a hankali. Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa ya ji ƙamshin nan ya san abin da nake nufi, ƙasa tana taɓa ɗanɗanon abin da aka zuba mata.

Tun yaushe suke yinta?

Zamanin daular Ming. Kafin nan curin shayi ake niƙawa a kaɗa garin a kwano, sai a 1391 sarki Hongwu ya hana a riƙa kawo wa fada shayin curi ya ce a kawo ganye haka nan, toh tunda jiƙa ganye ya zama yayi dole a nemi buta. Ana danganta farkon sana'ar ga wani bara mai suna Gong Chun, wai ya koya a wajen wani mai ibada a haikalin Jinsha a zamanin sarki Zhengde, tsakanin 1506 da 1521. Abin da yake a hannu kuwa shi ne butar da aka tono kusa da Nanjing a kabarin wani bafade Wu Jing wanda aka binne a 1533. Daga baya Shi Dabin ya gyara hanyar ginin ya kuma rage girman butocin, sai Chen Mansheng, jami'in gwamnati kuma gwanin rubutu da ya rasu a 1822, ya haɗa kai da magini Yang Pengnian yana zana siffa yana rubuta baitoci a jiki. A ƙarni na 17 jiragen 'yan kasuwar Holan sun kai su Turai tare da shayi, har maginan garin Delft na Holan da na Meissen na Jamus suka shiga kwaikwayo.

Ya ake gina ta?

Nan ne wlh abin ya fi burge ni. Ba a ɗora ta kan faifan nan mai juyawa da injin ko ƙafa a ja ta sama, yumɓun ba ya son haka. Magini zai ɗauki curi ya buga shi da guduma ta katako har ya zama falle mai kauri ɗaya, ya yanka dogo ya naɗe shi kamar gwangwani, sai ya sa yatsunsa a ciki yana bugun waje da 'yar faffaɗar katako kaɗan kaɗan yana juyawa har ciki ya fito baki ya tsuke. Hanci daban, mariƙi daban, murfi daban, duk da ruwan yumɓun ake liƙa su. Bayan nan sai ya ɗauki siririn ƙahon sa da aka fere ya yi ta guga har jikin ya yi sumul. Ana gasa ta a wuta mai zafin digiri 1100 zuwa 1200, kuma a wuta take tsukewa, zhuni ma ya fi kowanne tsukewa shi ya sa yake yawan tsagewa, to ka yi tunani mutum ya gina murfi da baki daban amma su fito daga wuta su zauna daram. Tawa in na toshe 'yar hudar murfin da yatsa ruwan tsayawa yake cak a hanci. A gindinta kuma akwai hatimin maginin.

Me ya sa wasu ke da tsada haka?

Sunan magini da ingancin ƙasa. Butar Gu Jingzhou, babban gwanin da ya rayu daga 1915 zuwa 1996, an sayar da guda a gwanjo a Beijing a 2010 sama da yuan miliyan 12, kuɗin Sin. Ga shi kuma tun 2005 hukumomin Yixing suka taƙaita haƙa a dutsen Huanglong, a 2006 kuma aka sa sana'ar cikin jerin al'adun gado na ƙasar Sin.

Zan iya ɗora ta a gawayi in dafa atayi?

Don Allah kar ka yi. Ganyen da muke dafawa a Zinder da Agadas da Kano yawancinsa daga Sin ɗin yake zuwa, amma dahuwarmu daban ce, mu tafasawa muke yi da sukari da na'ana'a a butar ƙarfe. Wannan ta jiƙawa ce, a wata butar za ka tafasa ruwan ka zuba kan ganye ka jira 'yan daƙiƙu ka tsiyaye duka, ka sake zubawa sau biyar ko fiye. Wuta kai tsaye fasa ta za ta yi, sukari da madara kuma shiga jikinta za su yi su lalace a ciki. Ta fi dacewa da nau'o'in shayin Sin da ake kira oolong da puer, da kuma baƙin shayi.

To ya ake kula da ita?

Sabuwa ka ɗauraye ta da ruwan ɗumi sannan ruwan zafi sau da yawa ƙurar wuta ta fita, ka jiƙa shayi a ciki ka zubar da na farko. Daga nan ka zaɓar mata irin shayi ɗaya ta zauna a kansa. Sabulu haramiyarta ne, sau ɗaya wata ƙanwata ta wanke min tawa da shi cikin kyakkyawar niyya, sai da na yi kwanaki ina zuba ruwan zafi kafin warin ya bar ta. In ka gama sha ka kwashe ganyen kar ya kwana, ka ɗauraye da ruwan zafi, ka goge bayanta da tsumma mai laushi, ka bar murfin a buɗe ta bushe don kar ta yi fumfuna. Kar ka ajiye ta kusa da turaren wuta ko daddawa ko manja, ɗauka za ta yi. Lokacin hunturu ka fara ɗumama ta kafin ka zuba tafasasshen ruwa. Sheƙin da ake so da kansa yake zuwa bayan watanni ana sha ana gogewa, kar ka shafa mata mai.

Ya zan gane jabu?

Akwai su da yawa, a 2010 ma gidan talabijin na ƙasar Sin CCTV ya fallasa masu haɗa ƙasar banza da sinadarai don launi. In ka ga sabuwa tana ƙyalli kamar an shafa mata kakin zuma, ko launinta ya yi kore shar ko shuɗi, ko ka zuba ruwan zafi ka ji warin fenti, ajiye ta. Ta gaske jikinta dishi-dishi ne kana jin ɗan yashi a yatsa, kuma ta hannu in ka leƙa ciki wajen mariƙi sau da yawa za ka ga layin da aka haɗa fallen. Hatimi kaɗai kar ya ruɗe ka domin shi ma bugawa ake yi. Wadda aka taimaka da mazubi wajen gininta ba laifi in dai ƙasar mai kyau ce, da irinta ya kamata mai farawa ya fara, mai cin ruwa kamar mililita 120 zuwa 150.