Dashen gashi: FUE ko FUT, kuma wa za ka miƙa ma kanka?

Tallar dashen gashi ta cika waya yanzu, ka buɗe Facebook ko TikTok sai ka ga mutum da sanƙo har tsakar ka a hoton farko, a na biyu gashi ya cika fal, a ƙasa ga lambar WhatsApp ta wani asibiti a Istanbul. Nan Sakkwato ma zancen ya shigo majalisu, musamman wajen matasan 'yan kasuwa da ma'aikata da goshinsu ya fara ja da baya. Ga tambayoyin da aka fi yi da abin da ya kamata mutum ya sani tun bai tura ma kowa ko sisi ba.

Wai shi wanga dashen, gashin wa ake sa ma mutum?

Naka ne ɗan'uwa, jiki ba ya karɓar na wani, shi kuma gashin roba tun 1983 hukumar magunguna ta Amurka ta hana dasa shi saboda yadda yake sa fatar kai ta ruɓe. Sanƙon maza gado ne da kuma wani sinadarin jiki da ake ce ma DHT, shi ke bin tushen gashin goshi da na tsakar ka yana ƙanƙantar da shi har ya daina fitowa, amma gashin ƙeya da na gefen kunne bai cika jin wanga sinadari ba, shi ya sa za ka ga dattijo kai tas amma ƙeya da gashinta. Wani likitan Japan mai suna Okuda ya yi irin wanga dashe tun 1939, sannan a 1959 Dakta Norman Orentreich na New York ya nuna cewa gashin ƙeya ko an kai shi goshi yana riƙe halinsa na ƙeya. Wanda ya taɓa ganin dashen albasa a fadamar Kwalkwalawa ya gane zancen, abin da ka ciro daga wurin renon iri shi kaɗai za ka dasa, sai dai nan babu sake yafa iri, tushen da aka cire daga ƙeya ya tafi kenan ba ya sake tsirowa a wurin. To ka ga ba ƙarin gashi ake yi maka ba, wanda kake da shi ake rarrabawa.

Mi ne bambancin FUT da FUE?

Su ne hanyoyi biyu na yin dashen, wajen cirowa ne kawai suka bambanta, dasawar iri ɗaya ce. A FUT likita yana yanko siririyar fata daga ƙeya, ya ɗinke wurin, sannan a zauna da madubin likita a rarraba fatar zuwa tushe-tushe, kowane tushe da gashi 1 zuwa 4 a jikinsa, wannan tushen shi ne za ka ga suna rubuta graft a tallarsu kuma da shi suke lissafin kuɗi. Abin da yake bari shi ne tabo dogo a kwance a ƙeya. A FUE kuwa, wanda aka fara bayyana shi a rubuce a 2002, ba yankan fata, wani ɗan bututun ƙarfe mai kaifi da faɗinsa yake wajen milimita 1 ko ƙasa da haka ake zagaye kowane tushe da shi a zaro shi ɗaya bayan ɗaya. Ya fi saurin warkewa, babu ɗinki, amma wanda ya ce maka babu tabo bai faɗa maka gaskiya ba, akwai ƙananan ɗigo-ɗigo masu haske kuma a baƙar fata suna iya nunawa in aka yi aski sosai.

Mu nan da mafi yawanmu ke zuwa wajen mai aski duk sati a bi kai da kilifa ƙasa-ƙasa, wasu ma wanzami ne ke yi musu tas da aska, tabon FUT ba zai ɓoyu ba, shi ya sa maza da yawa ke karkata ga FUE. Amma FUT bai mutu ba wallahi, ga mace da ba ta son a aske mata ƙeya, ko mai buƙatar tushe da yawa a zama guda, sau da yawa shi ya fi.

To DHI da Sapphire da suke cewa sun fi kowane?

Duk 'ya'yan FUE ne. DHI wani alƙalami ne da ake ɗura tushen a ciki a soka shi kai tsaye, Sapphire kuma bakin wuƙar da ake huda fatar da ita ne aka yi da dutse maimakon ƙarfe. Kayan aiki ne, kada a ƙara maka kuɗi mai yawa saboda suna.

An ce gashinmu na baƙar fata ya fi wuyar dasawa, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wagga ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi a wurina. Gashinmu ba a waje kaɗai yake murɗewa ba, tushen ma a lanƙwashe yake a cikin fata. Shi kuma bututun FUE miƙaƙƙe ne, an fara ƙera shi ne don gashin Turawa mai tafiya sak, to in mai aikin bai saba da namu ba sai ya dinga datse tushen a tsakiya, ya ciro rabi ya bar rabi, wanda ya ciro ba zai tsiro a goshi ba kuma na ƙeyar an riga an ɓata shi, asara biyu kenan. Waɗanda suka ƙware suna amfani da bututu mai ɗan faɗi ko mai baki na musamman, suna tafiya a hankali, wasu ma sai sun gwada ciro 'yan kaɗan sun duba kafin su yanke ko FUE zai yi ko a koma FUT.

Sai maganar tabo mai kumburi, wanda likitoci ke ce ma kiloid, ya fi yawa a cikinmu. In kana da tabon da ya taɓa tasowa ya yi tudu, a kunne ko a ƙirji ko wurin da aka yi maka tsaga, ko kana fama da ƙurajen nan na ƙeya masu tauri da ke fitowa bayan aski, dole ka faɗa ma likita tun farko ko da bai tambaya ba, in kuma bai tambaya ba to wannan ma ya ishe ka gane irin likitan da kake gabansa. Abin daɗin shi ne murɗewar gashinmu tana rufe fatar kai fiye da miƙaƙƙen gashi, tushe kaɗan yana iya yin kyan gani.

Kowa ne zai iya yi?

A'a. Yaro ɗan shekara 22 ko 24 da goshinsa ya fara shiga, sanƙon bai gama nuna inda zai tsaya ba, in aka cika masa goshi yau bayan 'yan shekaru na bayansa ya zube sai a bar shi da gashi a gaba da fili a tsakiya kuma ƙeyar an riga an cinye. Akwai wani ma'auni na Norwood daga mataki 1 zuwa 7 da ake auna sanƙo da shi, wanda ya kai 6 ko 7 ƙeyarsa ba za ta iya rufe kan duka ba sai dai a zaɓi inda za a gyara. Mai ciwon suga ko hawan jini sai an daidaita su, mai sikila ko mai shan maganin tsinka jini ko da asfirin ne ya faɗa, mai shan taba ko shisha ya daina kafin aiki da bayansa don yana hana wurin warkewa.

Kuma ba duk zubewar gashi ne sanƙo ba. Akwai makero, akwai wanda ke cin gashi ya bar fili kewayayye sumul, akwai na ƙarancin jini da na bayan haihuwa, waɗannan magani suke so ba tiyata ba.

Ni mace ce, gaban kaina ya cinye saboda kitso, zan iya?

Hajiya in jan kitso ne mai tsauri ko ƙarin gashi ko ɗaurin ɗankwali mai matsewa ya jawo, abu na farko a saki kan ya huta, in ba a daɗe ba sau da yawa yana dawowa da kansa ko da magani. In ya shekara da shekaru wurin ya yi santsi to dashe yana yi kuma yana kyau, da sharaɗin ba za a koma ma wancan kitson ba. Amma akwai wani ciwo da ke farawa daga tsakar kan mata baƙar fata yana faɗaɗa yana kashe tushen gashi, wani lokaci da ƙaiƙayi ko zafi, shi in aka dasa yana kan ci to na dashen ma zai cinye, sai likitan fata ya kwantar da shi tukun.

To ta yaya zan gane likitan kirki?

Ka fara daga gida. Ka je asibitin koyarwa na UDUTH ko Specialist ka nemi ganin likitan fata ya duba ya faɗa maka mi ke cin gashinka, shi ba shi da dashen da zai sayar maka. Bayan nan duk wanda za ka je wurinsa, a Abuja ne ko Legas ko waje, ka nemi cikakken sunan likitan da zai taɓa kanka, ba sunan asibiti ba. In a Najeriya ne ya zama yana da rajista da lasisin MDCN, hukumar da ke yi ma likitoci rajista, in a Turkiyya ne asibitin ya nuna takardar izinin karɓar marasa lafiya daga waje ta ma'aikatar lafiyarsu. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya ISHRS tana da jerin mambobinta a intanet kana iya duba sunansa, kuma ita da kanta ta daɗe tana jan kunne kan wuraren da likita ke leƙowa ya zana layin goshi ya fita, ma'aikatan da ba likitoci ba su yi duk yanka da hudar.

Saboda haka ka tambaye shi ƙarara, wa zai yi allurar kashe zafi, wa zai ciro tushen, wa zai huda inda za a dasa, mutum nawa yake yi ma aiki a rana, aikin nan fa yana cin awa 6 zuwa 8 a kan mutum guda. Ka ce ya nuna maka hotunan baƙar fata masu irin gashinka da ya yi ma da hannunsa, bayan shekara guda ba washegarin aiki ba, kuma hoton ƙeya ma a nuna maka ba goshi kaɗai ba don a ƙeya ake ganin ɓarna. In ka tura hoto a WhatsApp cikin minti biyar aka ce maka tushe 5,000 kake buƙata ka biya kafin ƙarshen wata akwai ragi, ka sani da ɗan talla kake magana. Ni likitan da ya iya ce maka bai yi ba tukun, ka je ka sha magani shekara guda ka dawo, shi na fi natsuwa da shi.

Turkiyya ko nan gida?

Istanbul akwai ƙwararru na gaske akwai kuma masu haɗa-haɗa, duk a gari guda. In za ka lissafa ka haɗa da biza da tikiti ta Abuja ko Legas da canjin dala, ka kuma tambayi kanka in wurin ya kumbura ko ya yi ruwa bayan ka dawo Mabera ko Arkilla wa zai duba ka. Ka shirya da likitan nan gida tun kafin ka tashi, ka kuma karɓo rahoton aikin a rubuce.

Addini ya yarda?

Malamai da yawa sun halatta, cikinsu har da Shehi Ibn Usaimin, sun ce mayar da abin da ya gushe ne ba canza halitta ba, suna kafa hujja da hadisin mutum uku na Bani Isra'ila da ke Buhari da Muslim, wanda ɗayansu mai sanƙo ne aka mayar masa da gashi. Ba ɗaya yake da ƙarin gashi da aka hana ba. Maganar shafar kai a alwala da sujada a kwanakin farko kuwa, ka haɗa abin da likita ya ce da abin da malaminka zai faɗa maka kan hukuncin mai rauni.

Bayan an yi fa, yaushe zan sa hula?

Kwana 10 zuwa sati 2 na farko tushen bai kama ba, ba hula mai matsewa, ba rawani, ba sosawa, ana kwana da kai a ɗage, goshi kuma yana iya kumbura na 'yan kwanaki. Ka zaɓi lokaci, zafin Sakkwato na watan Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 ga zufa, ko tsakiyar ƙurar hunturu, duk ba su da daɗi ga kai mai sabon rauni, in dole ne to ka zauna cikin gida. Daga sati 2 zuwa wata 2 gashin da aka dasa zai zube, kada hankalinka ya tashi tushen yana nan, sabo yana fara leƙowa wajen wata 3 zuwa 4, cikakken sakamako sai shekara guda wani ma har wata 18.

Kuma dashe ba ya tsayar da sanƙo, gashinka na asali da ke kewaye zai ci gaba da zubewa, shi ya sa likitoci ke haɗawa da minoxidil na shafawa ko ƙwayar finasteride miligiram 1, in ka daina su to amfaninsu ya tsaya. Finasteride tana rage ma wasu maza kaɗan sha'awa, mai ciki kuma ko fasasshiyar ƙwayar ba a so ta taɓa, don haka likita ne zai rubuta maka ba mai kemis ba, kuma ka duba lambar NAFDAC a jikin kwalin kafin ka biya.