Wace ce “ta” ɗin da ta ɓaci a dokar ta-ɓaci?

Kwanan nan da wuya ka kunna rediyo ba ka ji wani na kiran a kafa dokar ta-ɓaci ba: a kan ilimi, a kan abinci, har a kan kwatocin unguwa. Shugaba Tinubu ya ayyana ta kan samar da abinci a Yulin 2023, gwamnan Kano ya yi tasa kan ilimi a 2024. To, waɗannan ba dokoki ba ne, jawabai ne masu kaifi.

Ta ainihin tana sashe na 305 na tsarin mulkin 1999. Shugaban ƙasa kaɗai ke ayyana ta, gwamna iyakarsa ya roƙa. Sai kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya sun amince, kuma wata shida take yi sai in an sabunta. Ita Obasanjo ya kafa a Filato a 2004 ya dakatar da gwamna Joshua Dariye, ita Jonathan ya kafa a Borno da Yobe da Adamawa a 2013 ya bar gwamnoni a kujerunsu, ita ce ta ci gwamna Fubara a Ribas a 2025.

Ni dai kalmar kanta ce ke burge ni. Bahaushe kan ce “in ta ɓaci”, bai taɓa faɗin wace ce “ta” ba. Magana ce, ko rana, ko duniyar baki ɗaya? Abin da ya ɓaci ya wuce lallashi, kamar miyar da ta kwana ba a ɗumama ba. Wanda ya fara laƙa wa dokar wannan suna ya san aikinsa, domin ya ware ta daga agajin gaggawa, alhali Bature kalma ɗaya ya ba su duka biyun.

Wannan bambancin ne ake take wa a bakin makirfo. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya shanye Maiduguri har gidan yari da gidan zoo, wanda ya kwana a kan rufin kwano da 'ya'yansa bai jira ƙuri'ar sanatoci ba. Kwalekwale yake jira. Wannan kuwa aikin NEMA ne, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa da aka kafa tun 1999 don ta haɗa kan sojoji da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan lafiya da Red Cross, ƙarƙashinta a tsari akwai takwararta SEMA a jiha, da kwamiti a ƙaramar hukuma. Gaskiya sashe na 305 ya ambaci bala'o'i irin ambaliya, amma NEMA ba ta buƙatarsa kafin ta motsa. Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai ba da umarni a daren farko, kuma kwamitin ƙaramar hukuma, wanda ya fi kowa kusa da ruwan, a wurare da yawa sunansa kawai ke takarda.