Ma'anar gudun haske, da abin da mai binsa a guje zai gani

Gudun haske, wanda masana fiziks ke rubutawa da harafin c, mita 299,792,458 ne a daƙiƙa ɗaya, kusan kilomita 300,000 ke nan. Wannan adadi na sarari ne fayau, inda babu iska babu ruwa. A cikin ruwa yakan sauka zuwa wajen kilomita 225,000. Tun 1983 aka tsaida adadin ba ragi ba ƙari, har ma da shi ake ayyana tsawon mita.

Tambayar da ta fi yawo a kansa ita ce: idan mutum yana cikin kumbo mai gudu daidai da haske, ya kunna tocila, hasken zai fita ko zai maƙale a bakin tocilar? In ya ɗaga madubi, zai ga fuskarsa? Tambaya ce mai nauyi. Irinta ce ta riƙa cin Albert Einstein tun yana ɗan shekara 16, har ta kai shi ga ƙa'idar dangantaka da ya wallafa a 1905, lokacin yana aiki a birnin Bern na Suwizalan.

Abin da ke rikita mu shi ne lissafin mota. Kana gudun kilomita 100 a awa, wata ta wuce ka da 120, a idonka da 20 kacal take tafiya. In ka daidaita gudu da ita, sai ka gan ta kamar a tsaye. Haske ba ya bin wannan lissafi. Duk wanda ya auna shi, a zaune yake ko a guje, c zai samu. A 1887 masana kimiyya biyu, Michelson da Morley, sun gwada a Cleveland ta Amurka. Duniya na kewaya rana da kusan kilomita 30 a daƙiƙa, sai suka nemi bambanci tsakanin hasken da ke bin hanyar tafiyarta da wanda ke gitta ta. Ba su samu ba.

Ga yadda ake haɗa gudu biyu a ƙa'idar dangantaka. A rubuta kowanne a matsayin kason c. A tara su. Sannan a ninka su, a ƙara 1, a raba jimillar farko da wannan. Kumbo mai gudun 0.9 ya harba wani abu gaba da gudun 0.9: tarawa ta ba da 1.8, ninkawa ta ba da 0.81, a ƙara 1 ya zama 1.81. Amsa 0.994, har yanzu ƙasa da c. To a sa hasken tocila a madadin abin da aka harba, gudunsa 1. Tarawa 1.9, abin rabawa 1.9, amsa 1 cif. Kowane gudu ka ba kumbon, 1 ɗin nan za ta dawo. A gudun mota kuwa, abin da ake ƙara wa 1 ƙanƙani ne ainun, shi ya sa tarawa kawai take isar mu.

Saboda haka mai gudun kashi 99 cikin 100 na c zai ga fuskarsa a madubi lafiya lau, hasken tocilarsa kuma zai bar shi da cikakken c. Wanda ke kallo daga ƙasa shi ma c zai auna. Yadda maganar ta daidaita shi ne agogonsu da ma'aunin tsawonsu ba sa tafiya ɗaya. A kashi 87, na ƙasa zai ga agogon kumbo yana buga daƙiƙa ɗaya a duk biyu nasa, a kashi 99, ɗaya a bakwai, a 99.9, ɗaya a 22. Ana ganin haka zahiri a muwon, wasu ƙwayoyi ƙanana ainun masu gajeren rai da gudu kusa da c, da ke samuwa kimanin kilomita 15 a sama. Matsakaicin ransu 2.2 ne cikin miliyan na daƙiƙa, wanda bai kamata ya kai su fiye da mita 660 ba, amma suna isowa ƙasa da yawansu.

Daidai c fa? A nan lissafin yake tsayawa, domin sai an raba da sifili. Duk abin da ke da nauyi, kusantarsa ga c ƙara cin makamashi take yi ba iyaka. A cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke Turai, cikin zoben ƙarƙashin ƙasa mai kilomita 27, ana tura furoton, ɗaya daga ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra, har ya rage masa kimanin mita 3 a daƙiƙa ya cim ma haske, kuma ukun nan ba ta cikuwa. Don haka maganar da ake yawan yi cewa lokaci a tsaye yake a wurin haske tana buƙatar hattara. Ƙa'idar ba ta ba haske mazaunin da za a tsaya a yi awo daga cikinsa ba, kuma gaskiya ta fi a faɗi hakan a kan a ƙirƙiro amsa.

Abin da ke sauyawa da gaske shi ne launi da kusurwar hasken da ke zuwa daga waje. Wanda ya tunkari jar fitila da kusan kashi 17 na c, koriya zai gan ta, don zangon hasken, wato tsawon igiyarsa da ke ba shi launi, ya tsuke. Na bayansa kuma zangon miƙewa yake yi, ya karkata zuwa ja.

Kusurwa ta fi ban mamaki. Mai babur ya san ruwan sama da ke sauka a miƙe, da ya ƙara wuta sai ya koma dukan fuska. Haka hasken taurari yake yi. Tauraron da ke gefen kafaɗarka daidai, a kashi 90 zai matso gaba zuwa digiri 26 daga inda ka dosa, a kashi 99 zuwa digiri 8. Rabin sama duka zai dunƙule a ɗan da'ira gaban hancin kumbo, a kashi 99 zangon hasken da ke tsakiyarta ya tsuke sau 14, ya fita daga abin da ido ke gani. Baya kuwa sai duhu-duhu. Fitilar cikin kumbon, da yake tafiyarku ɗaya, launinta na nan yadda ka kunna ta.