Koyar da Zane da Ƙira a Makarantar Firamare

Koyar da zane da ƙira fanni ne na karatun firamare da ke horar da yara, daga kusan shekara 5 zuwa 11 ko 12, su sarrafa fensir, fenti, yumɓu, takarda da zare domin bayyana abin da suka gani ko abin da ke ransu.

Tarihi

Masana'antu na cikin waɗanda suka jawo zane cikin aji, domin suna neman ma'aikatan da suka iya fitar da siffar kaya a takarda. A 1870 jihar Massachusetts ta Amurka ta kafa dokar koyar da zane a makarantun gwamnati, a 1871 kuma aka ɗauko Walter Smith, wani malamin zane, daga Ingila ya jagoranci aikin. Darasin wancan zamani kwaikwayo ne tsantsa: malam ya ja layi a allo, yara su yi ta maimaitawa har hannu ya faɗa.

Wajen 1897 Franz Cizek, wani mai zane, ya buɗe ajin zane na yara a birnin Biyana na Ostiriya, inda ya bar su su zana abin da suka ga dama, shi kuwa ya ƙi gyara musu. Daga nan aka fara ɗaukar zanen yaro da daraja tasa. Luquet, masani ɗan Faransa, ya lura cewa yaro kan zana abin da ya sani ne, shi ya sa zai zana gida ya nuna mutanen da ke ciki kamar babu bango.

Matakan girma

A 1947 Viktor Lowenfeld, masanin koyar da zane, ya kasa zanen yara mataki-mataki. Daga shekara 4 zuwa 7 mutum yakan fito a zanen yaro a matsayin ƙaton kai da ƙafafu biyu rataye a jikinsa. Daga 7 zuwa 9 yaro kan ja layin ƙasa a gindin takarda, ya jera bishiya da gida da mutane a kai, ya shafa shuɗi can sama. Wajen shekara 9 sai kunya ta shigo. Yaro ya fara kwatanta zanensa da na wasu, da yawa kuma su ajiye fensir suna cewa ba su iya ba. Nan ne aka fi buƙatar malami mai haƙuri da zai koya musu duba abu da kyau kafin zana shi.

A yau

Ingila ta sanya fannin cikin manhajar ƙasa bayan dokar ilimi ta 1988. Malaman aji ne suka fi koyar da shi a ƙasashe da dama. Masana sun saɓa kan ko ya dace a ba zanen yaro maki.